Masai Mara ko Serengeti: ina za mu kai yara hutun Agusta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni da maigidana mun daɗe muna tara kuɗi saboda mu kai yaranmu biyu kallon namun daji, babban shekararsa 11 ƙaramar kuma 8, kullum suna maƙale da talabijin suna kallon dabbobin nan da suke tsallake kogi kadoji na kama su, to bana Allah ya hore mun ce in an yi dogon hutu a Agusta za mu je. Matsalar mun kasa daidaitawa, shi ya dage sai Serengeti ta Tanzaniya wai ita ce babba, ni kuma wata ƙawata ta ce min Masai Mara ta Kenya ta fi sauƙi. Kwana shida kacal ya samu a wajen aiki har da ranar tafiya da ta dawowa, fasfonmu na Najeriya ne kuma daga Kano za mu tashi. Wanne za mu zaɓa, sannan ya batun abinci da sallah a can? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a cikin yaran, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ba zan ja ki da nisa ba, ku tafi Masai Mara. Amma dan Allah ki nuna wa maigida amsar nan gaba ɗayanta, don shi ma yana da gaskiyarsa, kawai dai kwanakin da ke hannunku da fasfon da kuke riƙe da shi ne suka yanke hukuncin.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne daji ɗaya ne, iyakar ƙasa ce kawai ta ratsa shi. Ɓangaren Tanzaniya shi ne Serengeti, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 14,750, tun 1951 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Ɓangaren Kenya shi ne Mara, kusan murabba'in kilomita 1,510 ne kawai, in kin taɓa zuwa Yankari to Yankarinmu ma ta fi shi faɗi, ita kuwa Serengeti ta ninka Yankari sama da sau shida. Kin ga maganar maigida ta girma babu ja a ciki. Sai dai girman nan shi ne matsalarku, domin dabbobin da yaranki suke son gani ba zaune suke wuri ɗaya ba, yawo suke duk shekara suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa. Nyumbu ake ce musu da Swahili, masu kai kamar na sa da gemu a wuya, an saba ƙiyasta yawansu da sama da miliyan ɗaya, ga jakunan dawa da barewa dubban ɗaruruwa suna tafe tare da su. Daga Disamba zuwa Maris suna can kudancin Serengeti wajen Ndutu suna haihuwa, Mayu da Yuni su nausa yamma wajen kogin Grumeti, daga Yuli zuwa Oktoba kuma suna arewa a bakin kogin Mara suna tsallakawa su dawo su sake tsallakawa. A Agusta ke nan suna daidai kan iyakar, wasu a Kenya wasu a Tanzaniya.

To yanzu lissafa hanya. In Serengeti za ku sai ku sauka a filin jirgin Kilimanjaro ku kwana a Arusha, washegari ku shiga mota awa bakwai zuwa takwas kafin ku kai Seronera da ke tsakiyar gandun, rabin hanyar kuma burji ce mai ƙura da jijjiga, kuma sai kun ratsa yankin Ngorongoro kun biya kuɗin wucewa. Kuma ko kun kai Seronera ba ku iso inda garken yake ba a wannan wata, sai kun ƙara wasu awanni zuwa Kogatende can arewa, zuwa da dawowa kwana huɗunku sun tafi a cikin mota da yarinya 'yar shekara 8, wallahi kafin ku ga kogin kowa ya gaji. Akwai ƙananan jirage daga Arusha kai tsaye zuwa Kogatende, wannan yana magance matsalar hanya, amma ku huɗu ne, kuma masaukan da ke arewacin Serengeti yawancinsu na masu hannu da shuni ne. Mara kuwa daga Nairobi awa biyar zuwa shida ne a mota ta garin Narok, kwalta har ƙofar Sekenani, in kuma jirgi kuke so daga filin jirgin Wilson bai kai awa ɗaya ba. Ranar farko tafiya, ta biyu ku shiga daji ku samu yawon yamma, ta uku da ta huɗu cikakku a ciki, ta biyar ku koma Nairobi, ta shida gida. Daga Kano jirgin Ethiopian yana bi ta Addis Ababa zuwa Nairobi, in kuma ta Legas ne Kenya Airways na zuwa kai tsaye.

Sai babban abin da ejan ba ya faɗa da wuri, biza. Tanzaniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ba a ba su biza a filin jirgi, Nijar da Chadi ma suna cikin jerin, sai ka nema tun kana gida an aika takardunka hukumar shige da fice ta duba ta amince, kuma abin yana iya ɗaukar makonni har ya kai wata biyu. Mutum ya biya otal ya sayi tikiti yana zaman jiran amsa, hutun makaranta kuma ba ya jira. Kenya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, tun farkon 2024 ta koma izinin shiga da ake cikewa ta intanet, a 2025 ma ta sassauta wa yawancin 'yan Afirka shi. Duk da haka ki sa a duba shafin hukumarsu kafin ku biya tikiti saboda irin waɗannan dokokin suna canzawa. Katin rigakafin shawara kuma dole ne ga duk wanda ya taso daga Najeriya, ku huɗun kowa da nasa, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kar a bari sai ana saura kwana uku.

Yanzu bari in faɗa miki aibin Mara tsakani da Allah. Na farko tsada, kuɗin shiga na baƙo babba a rabin shekara na biyu, wato Yuli zuwa Disamba, dala 200 ne a rana tun 2024, na yara bai kai haka ba, kuma tikitin na awa 12 ne ba na kwana ɗaya cur ba. Na Serengeti bai kai rabin wannan ba, ko da yake can ma in a cikin gandun za ka kwana akwai wani kuɗin da ake ƙarawa kowane dare. Don haka in kamfani ya turo miki farashi a dunƙule ki tambaye su a rubuce, da kuɗin shiga a ciki ko babu, na kwana nawa, motar taku ce ku kaɗai ko haɗa ku za a yi da wasu. Da yara gara mota taku ku kaɗai ko da ta ɗan fi tsada, in ƙaramar ta gaji ku juya babu wanda zai ɓata rai.

Na biyu cunkoso, kuma wannan yana damuna ƙwarai. A Agusta in aka ce ga damisa a kan bishiya direbobi suna sanar da juna ta rediyo, kafin ki ankara motoci sun zagaye ta, a bakin kogi ma haka, har takan kai motocin su tare hanyar da dabbobin za su fito, garke ya tsorata ya koma ko ya faɗa ta gaɓa mai tsayi su kakkarye. Dan Allah in direbanku zai kutsa ku ce masa a'a, kar ku ba shi wani abu don ya matsa kusa, kar kuma kowa ya sauko daga mota don hoto. Yara suna kallon abin da kuke yi. In kuna son sauƙin cunkoso ku nemi masauki ta ɓangaren yamma da kogin da ake kira Mara Triangle, ta ƙofar Oloololo, can an fi tsare doka. Akwai kuma filayen ƙabilar Masai da ke kewaye da gandun irin su Naboisho da Olare Motorogi da Mara North, mutanen wurin ne suka ba da hayar ƙasarsu ana biyansu, ana ƙayyade yawan motoci, har yawon dare ana yi wanda babu shi a cikin gandun kansa, sai dai kuɗinsu da nauyi.

Ki kuma shirya zuciyar yaran tun daga gida, tsallake kogin nan ba shi da lokaci. Garke zai taru a gaɓa ya yi awa uku yana kai kawo, ɗaya ta leƙa ta ja baya, daga ƙarshe duk su juya su tafi kiwo, wata rana kuma cikin minti ashirin dubbai sun haye. Duk kamfanin da ya ce miki tabbas za ku gani ƙarya yake yi. Abin da zan iya ce miki da ƙarfin gwiwa shi ne a kwana biyu da rabi a Mara a Agusta da wuya ku rasa zaki, giwa, raƙumin dawa, ɓauna, kura, ga dorina da kada a kogi, ga nyumbu da jakin dawa iya ganinki. Damisa sai an dace, karkanda kuma 'yan kaɗan ne a can.

Abinci, ki rubuta musu tun lokacin biyan kuɗi cewa ku Musulmi ne halal kuke ci, ki sake tunatarwa ranar da kuka isa, domin a karin kumallo suna yawan sa naman alade kusa da ƙwai, wani lokacin a kasko ɗaya. Sun saba da baƙi Musulmi, in an faɗa suna kiyayewa, in kuma hankalinki bai kwanta ba ga kifi da wake da shinkafa da chapati, wata irin gurasa tasu. Ki sa ɗan yaji da garin kunu a jaka, naman kilishi dai ki bar shi a gida saboda kwastan. Sallah babu wahala, ana fita yawon safe wajen ƙarfe shida bayan kun yi asuba, ku matafiya ne kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, ranar da za ku wuni a daji ki gaya wa direba tun da safe ya tsaya a wurin da aka yarda a sauka, ba a fita daga mota a ko'ina. A Narok akwai masallatai in lokaci ya same ku a hanya.

Wani abu da 'yan uwanmu suke mantawa, sanyi. Mara tana kan tudu sama da mita 1,500, Yuli da Agusta kuma lokacin sanyinsu ne, da asuba a buɗaɗɗiyar mota iska tana shiga jiki sosai, ku ɗauki suwaita masu kauri da safa da hula. Ku ga likita kan maganin kariya daga maleriya, in kuma ƙaramin jirgi za ku hau kaya kilo 15 ne kowane mutum a jaka mai laushi ba akwati ba. Ki saya wa babban madubin hangen nesa ko mai araha ne, zai fi jin daɗinsa a kan waya.

Shi kuma maigida ya ajiye Serengetinsa zuwa shekarar da zai samu kwana goma, ya fara neman biza wata uku kafin tafiya. Kuma kar wani ya ce muku za ku leƙa Serengeti daga Mara da rana ku dawo, babu hanyar baƙi ta cikin dajin, sai an zagaya ta kan iyakar Isebania.

TAMBAYA

Malam ni a Fabrairu nake da hutu, ni da amaryata, kwana goma, ita ma Mara ɗin za mu?

Wani mai karatu daga Maraɗi

AMSA

A'a ango, kai Serengeti ce taka, Allah ya ba da zaman lafiya. A Fabrairu garken yana kudu wajen Ndutu, lokacin haihuwa ne, cikin 'yan makonni ake zuba 'ya'ya dubban ɗaruruwa, ɗan yana faɗowa cikin mintuna ya miƙe ya bi uwarsa, zakuna da kuraye kuma suna kewaye suna jira. Ndutu ta fi Kogatende kusa da Arusha sosai, kuma a kan hanya za ku sauka cikin ramin Ngorongoro, wani makeken kwari mai zurfin kusan mita 600, inda aka fi samun damar ganin karkanda. Kwana shida a daji sun isa, sauran ku huta a Zanzibar, can abinci da masallaci ba abin tambaya ba ne. Ku guji kaya baƙaƙe da shuɗi a cikin daji saboda ƙudan tsando yana bin su. Fasfon Nijar ma yana cikin waɗanda sai an nemi bizar Tanzaniya tun daga gida, ka fara cike takardun a Nuwamba.