Amsa ga mai kiɗan fim da aka ƙi karɓar aikinsa

Ɗan'uwa daga karkarar Ringim, ka tambaya ko ka haƙura da haɗa kiɗan fim, tunda sau uku kana kai aikinka Kano ana mayar maka da shi. Kada ka bari, amma kada ka sake kai kiɗan da ba ka ɗora shi a kan hoto ba.

Ni ma na taɓa baro ƙauyenmu da asuba, na wuni a kan benci a ƙofar wani ofis a titin Gidan Zoo, darakta bai saurari ko minti ɗaya ba ya miƙo mini wayata. Na daɗe ina jin zafin abin kafin na gane cewa a Kannywood kusan kowane furodusa yana da situdiyon da ya saba da shi, saboda haka dole baƙo ya nuna abin da kiɗansa yake ƙara wa labari. Nemi matasan garinku masu sakin gajeren fim a YouTube, ka saka musu sarewa ko goge a fitowa guda, ta rabuwa ko ta zaman makoki, ka tabbatar sautin bai danne maganar 'yan wasa ba, sannan ka koma Kano da wannan a wayarka.