Hannun jarin babban banki zai iya ɗaukar nauyin cefane?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. An biya ni garatuti, na ware naira miliyan 3. Wani abokina ya ce in sayi hannun jarin ɗaya daga cikin manyan bankunan nan masu rassa a ƙasashen waje, wai irinsu ba sa durƙushewa, kuma duk shekara sai sun raba riba. So nake kuɗin su riƙa tallafa mini da cefane. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Mu fara da lissafi, tunda ka yi shekaru da alli a hannu.

Mu ƙaddara hannu ɗaya naira 50 ne, bankin kuma ya raba naira 4 a kan kowane hannu a shekara. Misali ne kawai, ba farashin wani banki ba. Miliyan 3 ɗinka za ta saya maka hannu 60,000, in muka ajiye ladan dillali a gefe. Rabonka naira 240,000 ke nan. Kafin ya iso asusunka za a cire harajin kashi 10 cikin ɗari, saura 216,000, wato naira 18,000 a wata. Kuma ba wata-wata ake biya ba. Galibi sau biyu ne, ɗan ƙarami bayan lissafin rabin shekara, babban kuma bayan taron masu hannun jari. Ka auna wannan da 2024, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya dogara da rabon riba kaɗai a wannan shekarar, kasuwa ta riga shi gudu.

Sannan rabon riba ba fansho ba ne, babu wanda ya ɗaukar maka alkawarinsa. Daraktocin banki ne ke yanke nawa za a raba, Babban Bankin Najeriya kuma yana da ikon cewa a dakata. A watan Yunin 2025 ya umarci bankunan da ke cin sassauci a kan wasu basussukan da suka bayar su tsayar da rabon riba har sai sun gyara littattafansu, kuma akwai manya a cikin waɗanda abin ya shafa.

Batun rassan waje shi ne ya fi ruɗar mutane. Gaskiya ne UBA yana aiki a ƙasashen Afirka 20, yana kuma da ofisoshi a Amurka da Ingila da Faransa da Dubai. Zenith da GTCO da Access su ma suna da rassa a Gana da Ingila da wasu ƙasashen. Amfanin haka duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Illela zuwa Ƙonni ya san shi: mai riƙe da saifa ba ya kuka ranar da naira ta faɗi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake ba da ita wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai kusan 1,500 a shekarar da ta biyo. Bankunan da ke da dukiya a kuɗin waje sai ribarsu ta yi tsalle a takarda. To amma Babban Banki ya hana a raba wannan ribar ta canji ga masu hannun jari, majalisa kuma ta ɗora mata harajin kashi 70 cikin ɗari a 2024. Ga kuma ɗaya gefen: lokacin da gwamnatin Gana ta kasa biyan bashinta ta sake fasalinsa a 2022 zuwa 2023, bankunanmu masu rassa a can sun tafka asara a kan takardun bashin da suka saya. Wanda ya sayi banki mai ƙafa a ƙasashe da yawa ya sayi matsalar kowace daga cikinsu.

Maganar "ba sa durƙushewa" kuwa, ka tunatar da abokinka 2009. Oceanic da Intercontinental manya ne a lokacin, kowa na rububin hannun jarinsu, sai ga gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabanninsu a watan Agusta. A 2011 aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana kare mai ajiya har naira miliyan 5, amma mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, domin shi ma mai banki ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abu ɗaya da zan so ka duba kafin ka saya shi ne yawan hannayen. A Maris ɗin 2024 aka ce duk bankin da ke son lasisin aiki a waje ya tara jarin naira biliyan 500, bankuna suka yi ta fitar da sababbin hannaye. Idan hannaye suka ƙaru riba ba ta ƙaru daidai da su ba, kason kowa ya ragu. Saboda haka kada jimillar riba da ake bugawa a jarida ta ɗauke maka hankali, ka nemi ribar da ta faɗa kan hannu ɗaya, ka jera ta shekara biyar.

Ba ka tambayi halacci ba, amma na san za a tambaye ka a gida. Akasarin kuɗin shigar waɗannan bankuna daga kuɗin ruwa ne, shi ya sa ma'aunan shari'a na tantance hannun jari suke fitar da su tun a matakin farko. Fatawa ta malaminka ce, ba tawa ba. In ka zaɓi kauce musu, akwai bankin Jaiz da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa a kasuwar hannun jari ta NGX, akwai sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, wanda ke biyan kuɗin haya duk wata shida.

A ganina, garatutin da ba za a sake samun irinsa ba bai kamata ya kwanta kan kamfani guda ba, kowane iri ne. Ka fara ware na asibiti da na makarantar yara. Abin da za ka iya mantawa da shi shekara biyar shi ne na kasuwar hannun jari, shi ma a rarraba shi.

In ka tashi saye, ka bi dillalin da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta yi wa rajista, ya buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin, da sunanka, kada ka tura kuɗi asusun wani mutum. Ka cike fam ɗin biyan rabon riba kai tsaye zuwa banki, ka tabbata sunan da jerinsa daidai suke da na BVN ɗinka. Gidaje da yawa suna da takardun hannun jari na 2007 a ƙasan akwati, rabonsu na can ya taru a wurin rajistara mai riƙe da sunayen masu hannun jari, saboda an rubuta Muhammadu a wata takardar, Mamman a wata.