Wace na'ura zan saya wa 'yata mai larurar gani kafin ta shiga jami'a?

Tambaya: 'Yata ba ta gani tun tana ƙarama. Ta yi jarrabawar JAMB a cibiyar masu larurar gani da ke Kano, kuma Allah ya sa ta samu gurbi a jami'a. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne. Malaminta na sakandare ya ce injin Perkins, yayanta ya ce kwamfuta. Wanne zan saya? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka, ya sa ta gama lafiya. Kwamfutar za ka saya, irin ta tafi-da-gidanka.

Malamin nata ba ƙarya ya yi ba. Perkins inji ne na buga Braille, wato rubutun makafi da ake hudawa a takarda a karanta da yatsa. Mai ƙarko ne, maɓallan huda shida gare shi, ba ruwansa da wuta ko caji. Amma nauyinsa ya kusa kilo biyar, kuma ƙararsa a ɗakin lakca sai kowa ya waiwayo. Babbar matsalar ma ita ce malaman jami'a kaɗan ne suka iya karanta rubutun Braille. Duk aikin da ta buga da shi sai an nemi wanda zai mayar da shi rubutun boko kafin a duba, kuma a nan ne ake jinkiri, wani lokaci takarda ta ɓace a hanya.

Da kwamfuta kuwa, ita za ta buga aikinta ta miƙa kamar kowa. Akwai manhajar NVDA da ke karanta mata duk abin da ke kan allo da murya. Wasu matasa biyu makafi 'yan Ostareliya ne suka faro ta a 2006, kuma kyauta ce. Kada wani ya sayar maka da ita. A kan Windows take aiki, don haka ka kula da wannan wajen zaɓe. Kwamfuta ta hannu mai lafiya ta isa. Abin da nake so ka matsa a kai shi ne batir, domin ka san halin wutarmu, sai lasifika da ramin sa abin kunne. Ka tafi da ita shagon, a saka manhajar a gabanku, ta ɗora yatsunta ta ji ko maɓallan F da J suna da ɗan tudunsu. Da su mai bugu ba tare da kallo ba yake gane inda hannunsa yake, kuma a tsohuwar kwamfuta sukan shafe.

Canjin da ya rage ka saya mata allon huda takarda da tsinkensa na rubuta Braille da hannu, don ɗaukar bayani a aji da ranar da caji ya ƙare. Wayarta ma za ta taimaka: Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver, manhajojin karanta allo da murya, duk a ciki suke zuwa.

Kafin ka biya ko sisi, ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai ku tambayi yadda ake yi wa masu larurar gani jarrabawa: da kwamfuta ne, da Braille, ko karanta musu ake yi? Ana ƙara musu lokaci? Idan jami'ar na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, kamar Bayero da Jos da Ibadan, ku leƙa can, sau da yawa za ta samu Perkins ɗin da za ta yi amfani da shi ba tare da ka saya ba.

Tambaya: Da keken guragu nake yawo. Ina da zaɓi tsakanin jami'ar garinmu da wata mai suna da ke nesa. Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ɗana, kada suna ya ja ka. Ka je kowacce da kekenka, ko ka tura ɗan'uwa ya ɗauko maka bidiyo: ƙofar banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai, keke na shiga? Sashenku a bene yake? Daga ɗaki zuwa aji yashi ne ko kwalta, kuma yaya hanyar take da damina? Ka nemi ɗalibi mai keke da ke can, shi zai faɗa maka abin da ofis ba zai faɗa ba.

Ka kuma san haƙƙinka. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Yana ci mini rai cewa har yanzu ana ɗaukar ɗalibi a kafaɗa zuwa bene. Ka rubuta buƙatar ɗaki a ƙasa a takarda, ka riƙe kwafi mai hatimi. Idan an yi biris da kai, akwai hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a Abuja.

Tambaya: Ƙanwata ba ta ji sosai. Na ga na'urar kunne mai araha a intanet, in saya?

Amsa: Dakata tukuna, 'yar'uwa. Ku fara zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa a auna jinta, domin da sakamakon ake saita na'urar. Masu arahar nan da yawa ƙara sauti kawai suke yi, har da ƙarar fanka da hayaniyar aji. Ku tambayi kuɗin batir na wata, sannan ta roƙi malamanta kujerar gaba inda za ta riƙa ganin bakinsu.