Me ya sa motoci yawanci fari, baƙi ko ruwan toka ne?

Malam, ka tambaya me ya sa in ka tsaya bakin titi kusan duk motocin da ke wucewa fari ne ko baƙi ko ruwan toka. Gaskiya babban dalili kuɗi ne. Mai sayen mota tun ranar da ya saya yana tunanin ranar da zai sayar, kuma dillali zai gaya maka jar mota ko ruwan ɗorawa sai ta yi watanni a gareji ba wanda ya taya, amma fara ko silba nan da nan ta tafi, shi ya sa masu ɗauko motoci daga Kwatano ma su suka fi kawowa.

Sai yanayi. A Saudiyya da Indiya fara ta fi yawa saboda rana, don baƙa in ta wuni a waje sitiyarin ma ba ya taɓuwa. Ingila kuwa ruwan toka ce ke kan gaba tun 2018. Mu nan baƙa ta manya ce, ana ganinta da kwarjini, amma da hunturu ka wanke da safe kafin azahar ƙura ta rufe ta. Ni dai silba zan ba ka shawara wallahi, tana ɓoye ƙura da ƙananan karce.