Jirgin shaƙatawa da shan mai: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi mun sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu mai inji a baya, mun ajiye shi a Ada Foah domin mu riƙa fita da iyali ƙarshen mako. Wani ya ce zai riƙa samo mana man masunta, wanda ake kira premix, da araha. In karɓa, ko in ci gaba da sayen fetur a gidan mai? Alhaji, daga Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri. Kada ka karɓa. Man nan fetur ne da aka riga aka haɗa da baƙin mai, gwamnatin Gana ce ke sassauta farashinsa saboda masunta, kuma kwamitocin bakin ruwa ne ke raba musu shi. Har launin shuɗi aka sa masa don a gane shi idan ya kauce hanya. Wanda zai kawo maka shi a Akra, daga bakin wani masunci ya ƙwato shi, kuma mai ba ya bin irin wannan hanya ya iso da tsarki: ya kwana a duro, an juye daga jarka zuwa jarka, wani lokaci an ƙara masa abin da mai sayarwa kaɗai ya sani.

Amma akwai abin da ya fi wannan, ba ka faɗa mini ba: wane irin inji ne da kai? Injinan jirgi iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, irin Yamaha Enduro da ya cika kwale-kwalen masunta daga Jamestown har Tema. Akwai kuma wanda baƙin mansa yake da wurinsa daban kamar na mota, shi fetur zalla yake sha. Ka ba na biyun haɗaɗɗen mai, filogi zai yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe. Ka ba na farkon fetur zalla kuwa, wannan ita ce babbar asara, domin fiston zai yi ta gudu a bushe har inji ya buga, watakila kuna tsakiyar ruwa da yara.

Idan naka mai haɗi ne, yawancinsu kashi 50 na fetur suke so da kashi 1 na baƙin mai. Wato lita 25 ta fetur, rabin lita na mai. Duk da haka ka duba takardar injin ko rubutun da ke jikin murfinsa, don akwai masu bambanci, kuma injin da aka sabunta yakan so ƙarin mai a farkon aiki. Ka nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikinsa, na injin ruwa ne. Na babur ko na janareto ba madadinsa ba ne, ko da mai shago ya rantse. Ka sayi kofin awo, ka daina kintace da ido. Fara zuba man a tanki da ɗan fetur, ka girgiza, sannan ka cika.

Tambaya: Malam, maigidana yana ɗibar fetur a jarkokin nan rawaya yana zubawa a tanki muna cikin jirgin. Na yi magana ya ce tsoro ne irin na mata. Shin sai mun sayi wata jarka ta musamman? Hajiya, daga Madina Zongo.

Amsa: Hajiya, gaskiya na wurinki, ki nuna masa wannan amsa. Jarkokin nan rawaya, galan ɗin Kufuor kamar yadda ake kiransu tun ƙarancin ruwan zamanin tsohon shugaban ƙasa, na man girki ne asali. Murfinsu ba ya riƙe tururin fetur, rana ta doke su sai su kumbura, su yi ta tsatsafa. A sayi jarkar da aka yi domin fetur, mai kauri, yawanci ja, da mazurari mai rariya. Tsadarta ba ta kai ta gyaran kafireta sau ɗaya ba.

Zubawa kuna ciki kuwa ya fi jarkar haɗari. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan jirgi, inda batir da wayoyi suke, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ruwa ma ba zai cece ku ba, fetur a kansa yake yawo yana ci. Mutanen Akra ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, mun ga abin da ya faru a shataletalen Kwame Nkrumah, wato Circle, daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da mai ya bi ambaliya wuta ta bi shi, aka rasa rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Don haka a ɗaure jirgi, a kashe inji, kowa ya sauka. Ba sigari, ba murhun gashin kifi kusa. Idan tankin na ɗauka ne, a fito da shi a ajiye a ƙasa a cika shi a can, kuma kada a cika har wuya, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin goma saboda zafi na sa mai ya kumbura. Abin da ya zube a goge, tsumman kuma ya zauna a tudu. Jirgin da injinsa ke ciki a rufe yana da fankar fitar da tururi, a kunna ta minti 4 kafin a tayar. Sannan a sunkuya a sansana. Hanci ya ji fetur, kada a taɓa makulli.

Af, tunda an zo nan: manyan jirage suna da bakin tankin ruwa da na mai kusa da juna, wasu har da ramin sa sandar kamun kifi. Idan yaro ne ke zuba muku, maigida ya tsaya a kansa ya ga inda tiyo ya shiga.

Tambaya: Lita nawa za ta ishe mu yini ɗaya a tafkin Volta daga Akosombo? Ɗan'uwanka, daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, injinka ne zai faɗa. Mai ƙarfin doki 40 irin na haɗi, idan an matsa masa iyaka, yakan sha lita 15 zuwa 20 a awa, ka ga tankin lita 25 ba zai kai ka azahar ba. Ka raba manka uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Iska takan taso da yamma, kuma kaucewa kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yana tsawaita hanya. Ka sayi man a gidan mai mai yawan ciniki, ka sa matatar da ke raba ruwa da fetur, kuma wanda ya yi watanni a tanki kada ka fita da shi. In inji ya mutu bayan 'yan mintuna da tashi, kafin ka kira makanike duba ɗan noti na shan iska da ke kan murfin tanki, sau da yawa shi aka manta a rufe.