Jarin dala 4,000 a robar gindin bindigar farauta: amsa ga ɗan'uwanmu na Tekzas

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Tekzas ta Amurka ya turo min tambaya. Yana da tebur a kasuwar ƙarshen mako inda yake sayar da kayan farauta, riguna da takalma da tocila da wuƙaƙe, sai ya lura kwastomominsa na yawan kukan cewa bindiga na dukan kafaɗarsu in sun harba, suna tambayarsa ko yana da robar nan da ake sa wa a gindin bindiga. Yana da dala 4,000 a hannu, wani dila ya ce zai ba shi sari mai sauƙi in zai kwashi kala 30 lokaci guda. Wai ya shiga ko kar ya shiga?

Toh Alhaji, ka shiga, amma ba da dala 4,000 ba kuma ba kala 30 ba. Bari in faɗa maka dalili.

Da farko ka san abin da kake sayarwa tukun, don wallahi a wannan harkar wanda ya san kayan shi ne yake cin kasuwa. Bindiga in ta tura harsashi da hayaƙin albarushi gaba dole ita ma ta dawo baya, babu robar da za ta soke wannan. Abin da robar take yi shi ne ta shanye dukan ta sake shi a hankali, ta kuma baza shi a faɗin kafaɗa, maimakon naushi sai ya zama kamar turi. Kar ka taɓa ce wa kwastoma wai za ta kashe dukan gaba ɗaya, zai je fili ya gwada ya dawo maka da ita ranar Asabar.

A ma'aunin ƙarfin duka da suke amfani da shi can, fut-fawun, bindigar .30-06 (irin wannan lamba sunan harsashin da bindiga ke ci ne) mai nauyin laba 8 tana dukan wajen 20. Ita .300 Winchester Magnum ta haura 25, .375 H&H wadda Holland & Holland suka fitar a Landan tun 1912, wadda ake farautar ɓauna da ita, tana kusan 40, .458 kuwa ta kai 60 har da ɗoriya. Yawancin mutane daga 20 ɗin nan suke fara jin tsoron bindigarsu. Na taɓa tsayawa a bayan wani matashi a filin gwajin harbi, ya sayo .300 mara nauyi sabuwa fil, harbi na biyar kafin ma ya ja kunama ya riga ya runtse ido ya ɗaga kafaɗa, harsashin ya tafi can gefen takarda, ga kuma ɗan tsagu a girarsa inda madubin hange ya dawo ya buge shi. Da ya ja wuyan rigarsa kafaɗar ta yi jawur. Abin ya ba ni tausayi sosai, don kuɗi ya kashe ba kaɗan ba kuma ya fara tsanar abin da ya saya. Irin wannan mutumin shi ne kwastomanka, kuma barewar da zai harba da irin wannan hannun raunata ta zai yi ta gudu ta mutu a wahale, wannan ma abin dubawa ne.

Yanzu ga inda kuɗinka zai iya maƙalewa. Robar nan iri uku ce. Akwai wadda ake zurawa kamar safa a kan gindin bindiga, ba sukuru ba komai, yawanci ƙarama da matsakaiciya da babba, ita ce take shiga kusan kowace bindiga. Akwai wadda aka yanka daidai da wata bindiga guda, ka kwance sukuru biyu ka cire ta kamfani ka ɗaura wannan. Sai ta ukun da take zuwa da girma fiye da kima, sai an ɗaura an goge ta da inji har ta yi daidai da katakon.

Kala 30 ɗin da dilan nan yake son tura maka, ina kyautata zaton yawancinsu irin ta biyun ce, kuma nan ne kwantai yake. Remington 700 kaɗai, wadda ake yi tun 1962, gindinta ya sha bamban tsakanin ta katako da ta roba da kuma shekarar da aka yi ta, kaga kenan za ka iya ajiye kala uku na bindiga ɗaya mutum ya zo babu wadda ta hau tasa. Kuɗinka na kwance a kwali, ita kuma roba ba ta son zafi, in ka bar ta a but ɗin mota ko gareji a zafin Yulin Tekzas shekara biyu wata ta bushe wata ta fara danƙo, ka ci asara ba ka sayar ba.

Ni da ni ne kai, dala 800 zuwa 1,000 zan fara da ita. Kaso mafi yawa a ta zurawa, duka girma ukun, matsakaiciya ta fi yawa. Sai 'yan kaɗan na yankakkun, su ma sai na bindigogin da ka ji kwastomominka na ambata da bakinsu, irin su Remington 700, Savage 110, Ruger American, Tikka T3x, da kuma Remington 870 da Mossberg 500 don masu harbin tsuntsu ma kafaɗarsu na shan duka. Ka tsaya a sunayen da maharba suka sani, LimbSaver da Pachmayr Decelerator da Kick-Eez, don mutum ba zai yarda ya jingina kafaɗarsa da robar da ba ta da suna ba ko da rabin kuɗi ce. Ka ajiye littafi a tebur, duk wanda ya tambayi wadda ba ka da ita ka rubuta sunan bindigar, in suna ɗaya ya fito sau uku sai ka saro. Ka kuma ajiye tef ɗin awo da farar takarda, ka ce wa mutum ya ɗora gindin bindigarsa a kan takarda a gida ya zana da biro ya kawo maka, da wannan zanen za ka zaɓa masa girma ba da ka ba.

Abu ɗaya da masu sayarwa ke mantawa, ta zurawa tana ƙara wa bindiga tsawo wajen inci 1. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi yawanci inci 13 da rabi ne, in mutum gajere ne ko zai sa rigar sanyi mai kauri a Disamba sai bindigar ta yi masa tsawo, idonsa ya yi nisa da madubi. Irin wannan gara ka ba shi ƙaramin matashin da ake ɗaurawa a kafaɗa don ranar gwaji, ko ka ce ya je a rage masa katako. Kuma ka riƙa faɗa musu gaskiya cewa nauyi ma magani ne, bindigar laba 7 in ta koma laba 9 dukanta na raguwa da fiye da kashi 20 cikin 100, haka kuma harsashi mara nauyi ma yana rage duka. Akwai kuma ƙarfen da ake murɗawa a bakin bindiga yana watsa hayaƙi gefe, yana rage duka sosai amma ƙararsa na cutar da kunne, to ga wani ciniki nan a gabanka, abin toshe kunne, wanda jarinsa kaɗan ne kuma kullum ana nema.

Maganar ta gogewa kuwa, na san za ka ji kwaɗayin kuɗin aikin, amma ka yi hattara. A Amurka karɓar bindigar mutane kana gyarawa don kuɗi sai da lasisin tarayya na FFL daga ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi. Sayar da roba a kwali bai buƙatar wannan. Ka nemi maƙerin bindiga mai lasisi kusa da kai ku daidaita, kai ka sayar da roba ka tura masa mutum, shi ma ya turo maka nasa. Kuma don Allah duk wanda ya kira ka daga gida Najeriya ko Nijar ya ce ka sako masa wani abu da ya shafi bindiga a cikin kaya, ka ba shi haƙuri, dokar fitar da irin waɗannan kaya daga Amurka da dokar makamai ta can gida ba abin wasa ba ne, ribar dala 15 ba ta kai takardun zamanka ba.

Sai lokaci. Farautar barewa da bindiga a Tekzas farkon Nuwamba take buɗewa, mutane kuma tun Agusta zuwa Oktoba suke zuwa fili suna daidaita madubi, lokacin ne kafaɗa ke ciwo. Kayanka su iso kafin ƙarshen Yuli. In Janairu ta yi abin da ya rage ka yi ragi ka fitar da shi, kar ka ce sai baɗi. Ragowar dala 3,000 ɗin ka bar ta a hannu, in matsakaiciyar ta ƙare a Satumba ka sake sarowa a satin. Shi kuma dilan ka tambaye shi ko zai karɓi abin da bai fita ba ya canza maka da wani, in ya ce eh a rubuce, ka turo min takardar mu duba tare kafin ka sa hannu.