Batirin motar sana'a: wanne zan saya, kuma me ke kashe min su?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, yace yana da bas Hiace da ya cire kujerun baya ya sa firiza yana sayar da yogot da zoɓo da ruwan leda a kasuwannin mako, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta, wani lokacin ma a cikin motar yake kwana da fanka a kunne. Cikin shekara ɗaya batir uku ya kashe, yanzu ana ta zuga shi ya sayi litiyom amma kuɗin ya ba shi tsoro.

To Alhaji, Allah ya sa wa neman albarka. Tun kafin maganar litiyom, ni abinda na lura a saƙonka shine batirin mota kake sa wa firiza, kuma wallahi nan asarar take. Shi batirin tada mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ƴan daƙiƙu sannan altaneta ta mayar masa, idan ka riƙa zuƙe shi har ƙasa kullum ko sabo dal ne ba zai kai ka ko'ina ba. Turawan da suke yawo da motocin nan masu gado da kicin a ciki batir biyu suke sawa, ɗaya na inji ɗaya na kayan ciki, da ɗan rilai a tsakani wanda yake raba su da zarar an kashe mota. Kai ma haka zaka yi, ko ba komai ka huta da neman masu tura maka mota da asuba a Maigatari.

Sai lissafi, don ba a sayen batir da ido. Mu ƙaddara firizarka mai DC ce, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, wat 60, kuma kwamfiresa tana aiki rabin lokaci, awa 12 kenan, wat-awa 720. Fanka wat 30 awa 8, 240. Ƙwan fitila da cajin waya da POS ka sa musu 90. Jimla 1,050 a yini. Batirin dalma, wato mai ruwan asid, mai 200Ah (Ah shine ma'aunin girman batir) a kan volt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 amma rabi ne naka, 1,200, in kana wuce rabin nan kullum kana yanke masa kwana ne. Litiyom irin LiFePO4 mai 100Ah yana da 1,280 kuma zaka iya cin kashi 80 zuwa 90 ba matsala. Kaga kenan ƙaramin litiyom da ƙaton na dalma kusan aiki ɗaya zasu maka, sai dai litiyom ɗin wajen kilo 12 ne shi kuwa na dalma ya kai kilo 60, nauyin da gara ace kaya ne ka ɗauka ka sayar.

Tubula da ake sawa a solar gida batir ne mai kyau amma ban so maka shi a mota ba, ruwan asid ne a ciki, hanyar ƙauye da gargada zai riƙa fantsalowa yana cin ƙarfen motar, sannan yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji wadda take kama wuta, kai kuma a nan kake kwana. In na dalma ɗin zaka saya to nemi rufaffe, AGM ko jel.

Maganar tsada kuwa, kar ka tsaya kan kuɗin da mai shago ya faɗa, raba shi da yawan cajin da batirin zai yi kafin ya mutu. AGM da ake ci zuwa rabi ƴan ɗaruruwa yake yi, kamar 500, litiyom na ƙwarai yana haura 2,000. Ko da litiyom ya ninka AGM uku a farashi har yanzu shine mai sauƙi, ballantana ka haɗa da kuɗin batir ukun da ka binne da yogot ɗin da ya yi tsami ka zubar. Amma fa gaskiya ban yarda ka kwashe jarinka kaf ka zuba a batir ba, firiza mai sanyi ba kaya a ciki me zata tsinana maka? In kuɗin bai kai ba sayi AGM yanzu, ka shiga adashe ko ka riƙa ware wani abu duk ranar kasuwa, kafin ya gaji ka tara na litiyom. Kuma dan Allah ka guji na hannu da waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffin sel a yi musu sabon kwali, ka karɓi rasit da garanti a rubuce, a gwada a gabanka.

Kulawa kuma zafi ne babban abokin gaba. Batirin dalma an auna ƙarfinsa ne a digiri 25, duk ƙarin kamar digiri 10 yana rage masa rabin rayuwa, mu kuwa a watan Afrilu waje ma ya wuce 40 balle cikin mota a rufe, so kar ka ajiye shi kan injin Hiace ɗin nan da ke ƙasan kujera, samar masa wuri a baya mai iska ka ɗaure shi tamau. Sayi ƙaramar mita mai auna volt, batirin dalma da ya huta in ya nuna 12.7 ya cika, 12.2 ya kai rabi, a nan zaka tsaya. Kuma kar ka dawo daga Dambatta ka bar shi a zuƙe sai Laraba, wannan zaman shi yake sa farantan ciki su daskare ya daina riƙe caji, a daren ka jona shi.

In litiyom ka saya kar mai wayarin ya haɗa maka shi kai tsaye da altaneta, yana jan wuta da yawa zai iya ƙona ta, sai an sa cajar DC zuwa DC a tsakani, da fis kusa da kan batirin. Falen sola wat 300 a saman motar zai mayar maka da kusan abinda ka ci a yini in rana ta yi kyau, amma lokacin hunturu sai kana goge ƙurar kullum da safe kafin ka fara ciniki.